Makirfo a Durowar Keken Ɗinki

Auta! Autata, kina ina ne haka shiru?

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya gajiya, ya ciwon wuyan nan da kika ce zaman kujera ya sa miki? Ki riƙa miƙewa kina zagayawa, kin ji. Ni lafiya ƙalau, ƙafar ce dai kin san halinta, in na daɗe a kan keken ɗinki sai ta kumbura. Da yatsa ɗaya nake danna wannan, in kin ga kuskure ki gyara da kanki.

Na ga saƙonki. Kin ce Mai Jita, abokin aikinki na da, zai zo ranar Asabar in ba shi makirfonki, tunda ranar Litinin zai yi tafiya garinku. Kin ce ranar ashirin ga wata za ki ɗauki waƙar mutum goma sha biyu a ɗaki ɗaya, kuma yau ne farau maigidanku na situdiyo ya sakar miki aiki ke kaɗai. Na yi murna wallahi, har na faɗa wa maƙwabciyarmu matar direba ta kan katanga. Ta ce wai ke ce za ki yi waƙar? Na ce a'a, ita ce mai kunnen.

Makirfon yana nan yadda kika bar shi, a tsaye cikin akwatinsa na katako, kan kanta a ɗakinki. Ban taɓa kwantar da shi ba, tunda kin ce ribon ɗin da ke ciki, siririn abin nan mai kama sauti, sakwarkwacewa yake in ya daɗe a kwance. Ba na kunna fanka in na buɗe shi. In zan yi shara sai na rufe akwatin tukuna, kuma ban taɓa hura masa iska ba, wannan kam kin faɗa ya fi sau ɗari. Har yau ina mamakin abin, sanda ɗaya tsawon tsintsiya amma wai kunnuwa biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya, wannan na jin hagu wannan na jin dama. Soson da kika manna a bango ya fara ɓallewa ta wajen taga, na sa masa fil na riƙe shi.

To amma Auta, Mai Jita fa? Yaron kirki ne ban ce ba, amma mutumin da ya taɓa mantawa da jitarsa a cikin tasi shi za ki damƙa wa wannan? Ga hanya duk ramuka. Ga masu lodin kaya, jifa suke yi kamar buhun gawayi. Abin da kika yi shekara uku kina tari kafin ki mallaka. Ni dai tambaya nake yi, babu irinsa a wurin aikin naku ne? Wuri babba haka?

Jiya bayan na gama wuyan rigar wata mata na shiga ɗakinki na kunna kwamfutar yadda kika nuna min, na sa hedifon. Sautin da kika ɗauka a falo ranar da makirfon ya iso, shi na kunna. Babanki, Allah ya jiƙansa, yana hagu yana juya shayi, cokali na buga kofi, yana cewa wai wannan muciyar ce ta hana ki sayen takalmi. Ni ina dama ina taka keke, ke kina baya kina cewa Inna don Allah ki tsaya minti ɗaya. Sai ya tashi zai buɗe taga, takunsa ya taso daga wannan kunnen ya bi ta gabana ya koma wancan. Kin san har yau in ya zo wucewa sai na janye ƙafata? Na san a kwamfuta yake, ba a cikin makirfon ba, ba sai kin faɗa min ba.

Ranar da za ki tafi, wata goma sha huɗu ke nan, kin kwashe tufafinki da takardunki har da matashin kanki. Wannan kaɗai kika bari. A bakin ƙofa kika ce min, Inna wannan ba na aiko kowa, da ƙafata zan zo in ɗauka. Ban manta ba. Wataƙila ke kin manta, ba laifi, aiki yana da yawa.

Ki ci abinci a kan lokaci. Yayanki ya bugo shekaranjiya, yaransa lafiya. Allah ya yi miki albarka.

Innarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Na ga kiranki, sau bakwai ranar Asabar, sau huɗu ranar Lahadi. Wayar tana hannuna duk lokacin. Ban ɗauka ba ne don ke kina gane muryata in na yi ƙarya, tun kina ƙarama.

Ba a sace makirfonki ba. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki kira.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga ɗakinki don in goge akwatin in shirya wa Mai Jita. Na ɗauko shi na rungume, sai na dubi kantar, babu komai a kai sai alamar inda ya zauna. Ban san me ya shige ni ba. Na buɗe na zare makirfon, na rufe akwatin na mayar. Na zagaya gidan da shi a hannu kamar mai neman inda za ta ɓoye jariri. Ƙarƙashin gado akwai danshi, cikin sif kuma na ce nan za a fara dubawa. Sai na ja doguwar durowar keken ɗinkina, inda babu mai taɓawa sai ni, na kwantar da shi a ciki. Eh, a kwance. Ina sane. Na ce ai kwana biyu ne.

Mai Jita ya zo ranar Asabar da wandonsa mai yagaggiyar gwiwa. Na ce kawo in ɗinke maka, ya ce Mama ai haka aka sayo shi. Na ba shi shayi, ya sha, na miƙa masa akwatin. Yana ɗagawa ya ce bai kai nauyinsa ba. Ya buɗe. Auta, da kin ga fuskar yaron nan. Ya ce Mama wa ya shiga ɗakin nan? Na ce ikon Allah. Abin da ya fito daga bakina ke nan, ikon Allah. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗaga katifa, ya zazzage jakar wayoyinki, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya tambaya ko mai gyaran wuta ya zo kwanan nan, na ce a'a, don ban so a ɗora wa bawan Allah. Duk wannan ina zaune a kan keke, gwiwata na jingine da durowar. Ya tafi yana ba ni haƙuri. Ni yake ba haƙuri.

A raina na ce in kin ji ya ɓata za ki taho ki nema da kanki, in ya so sai in ce au, ga shi na gani. Tunanin da na yi ke nan, da furfurata.

To ba shi ke nan ba. Jiya Talata, da na tabbata ya yi tafiyarsa, na ja durowar in mayar da shi akwati. Na manta kin ce akwai mayen ƙarfe a cikinsa. Duk fil ɗin da ke durowar da allurai sun manne a jikin ragarsa, ya zama kamar bushiya. Na zauna na cire su ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na ɗaga shi wajen haske, sai na ga burbushin zare da garin alli sun shige cikin ragar ta sama. Sai na hura. Fuu, fuu, sau biyu, da ƙarfi, yadda nake yi wa gidan bobin na kekena. Shekara arba'in bakina ya saba, bai tsaya ya tambaye ni ba. Iskar na fita na tuna.

Ban ji ƙarar komai ba. Na girgiza shi a hankali kusa da kunnena, shiru. Daga waje lafiyarsa lau, yana ta ƙyalli. Wataƙila babu abin da ya same shi, ko? Ke kika sani. Na mayar da shi akwati a tsaye, na rufe.

Yau sha uku ga wata. In akwai wani mai tahowa wajenku kafin ashirin ki faɗa min, ko direban maƙwabta in roƙe shi. Ki yi min faɗa in za ki yi, na cancanta. Ki gaida maigidanku.

Innarki

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya jikinki, ya wuyan? Alamar nan ta nuna kin karanta wancan tun ranar da na tura. Yau kwana goma sha ɗaya. Ba ƙorafi nake ba, lissafi ne kawai yake zuwa da kansa.

Mai Jita ya dawo, na kira shi ya zo jiya da rana. Tun a tsakar gida na faɗa masa komai, ban bari ya zauna ba. Ya kalli takalminsa. Can ya ce Mama da kin ce min ba ki yarda da ni ba ne, da ya fi min sauƙi, don kwana uku na yi ina tunanin Auta za ta ce ni na ɗauke. Na ce ka yafe min ɗana. Ya ce ya wuce. Amma bai sha shayin ba.

Ya haɗa makirfon da na'urarki ya kafa shi tsakiyar ɗaki. A kwamfuta akwai layi biyu a tsaye, ya ce kowane kunne da nasa. Ya ce in tsaya ta dama in yi magana. Na rasa abin faɗa, na ce salamu alaikum, layi ɗaya ya yi tsalle. Ya ce in koma hagu. Na yi sallama, na sake yi, na tafa hannu. Ɗayan layin ko motsi. Ya haska tocilan ta cikin raga ya nuna min ribon ɗin sama, wani ɗan siririn abu mai ƙyalli, ya fi ɓawon albasa laushi, ya rabu biyu yana lilo. Na ƙasan ma ya ce ya ɗan saki.

Na tambaye shi ko ana liƙewa, ina da gam mai kyau, kuma hannuna bai taɓa kuskure ramin allura ba. Nan ne ya yi dariya, ya ce Mama ki rufa mana asiri ki bar shi haka. Ya ce akwai wani dattijo a garinku da ke sa sabon ribon, sai dai dole a canza duka biyun don su yi daidai da juna, kuma ba lallai muryarsa ta dawo sak yadda take da ba.

Ban tambaye shi ranar ashirin ba, shi ya faɗa, don yana wurin. Ya ce aron makirfo biyu kika yi, kika yi ta matsar da su gaba da baya har azahar, mawaƙan suka gaji suka fara duba agogo. Daga ƙarshe maigidanku ya shigo ya dafa kujerarki, kika tashi, ya zauna ya ƙarasa aikin. Ya ce kin tsaya a baya kina naɗe waya.

Na san wannan tsayuwar taki. Haka kike yi tun kina makaranta in an ci miki fuska, ki sami wani abu ki yi ta naɗewa.

Allah ya ba ki wata damar, ya sa ba ni ce zan tsaya a hanya ba.

Innarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Na ga amsarki. Ki ba shi ranar Asabar. Kalma biyar, na ƙirga. Babu gaisuwa, amma na gode, ko banza na san yatsunki ne suka rubuta.

Yau ce Asabar ɗin. Ya ce zai zo ƙarfe goma sha ɗaya, daga nan tasha zai wuce. Na shirya komai. Na ɗinka wa akwatin jaka da ragowar yadin labule, na sa soso ninki biyu a ciki, na yi mata madauri yadda zai rataya a ƙirji, ba sai ya ba masu lodi ba. Na ɗinka kibiya da jan zare tana nuna sama, ko makaho ya shafa ya san inda kai yake. Na duba da kyau, babu fil ko ɗaya a jiki. Na buɗe akwatin sau biyu na tabbata yana ciki, ki ji fa, kamar ba ni na saka ba.

Yayanki ya bugo ranar Alhamis. Ashe kin faɗa masa. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya ce Inna ni abin da ban gane ba, ba ke kika hana ta zuwa ba? Na ce ni? Yaushe? Ya ce lokacin hutunta na farko ta ce za ta zo, kika ce ta zauna aikinta sabo ne kada a ga kamar ba ta da himma. Na biyu ma ta ce za ta zo, kika ce hanya ba kyau, kuma ɗinki ya yi miki yawa ba za ki sami lokacinta ba. Ya ce ke Auta har kuka kika yi masa a waya, kika ce Inna ba ta son ki dawo gidan ne tunda Baba ya rasu, wataƙila ganinki yana tuna mata.

Na ajiye wayar na koma baya cikin saƙonninmu, ina ja da yatsa har ya gaji. Gaskiyarsa ne. Ga su nan da rubutuna. Ki zauna. Kada ki wahalar da kanki. Ni ba abin da ya dame ni. Ni a zatona haka uwa take yi, ta ce kada a zo, ɗiya kuma ta ƙi ji ta taho. Haka na yi wa tawa uwar. Ban san ke za ki ɗauki maganata yadda na faɗe ta ba. Ke da aikinki shi ne ki ji abu daidai yadda ya fito.

To bari in faɗa miki yadda yake. Ɗinki bai yi min yawa ba. Riga uku na ɗinka a watan nan, sauran lokacin tsofaffin zannuwa nake farkewa in sake haɗawa don keken ya yi ƙara. Ƙaramar tukunyar nan da kike dafa ƙwai, ita nake girki da ita yanzu, kuma sai abincin ya ragu. Akwai ranar da tun safe ban yi magana da kowa ba, da mai kawo ruwa ya yi sallama na buɗe baki in amsa, murya ta ƙi fita, sai da na yi gyaran murya kamar mai mura. Matar direba tana da kirki amma tana da nata gidan. Kujerar Babanki na juya ta ta kalli bango, na sake juyo da ita, na rasa wanne ya fi.

Ba don ki ji tausayina ki yafe ba nake faɗa. Abin da na yi miki na yi, kuma a gaban mutane kika biya. Makirfonki zai iso gare ki jibi in Allah ya yarda, daga nan babu sauran abinki a gidan nan da zan riƙe, sai soson bango.

Don haka ina roƙonki da bakina. Ki zo. Ba don wani kaya ba, ni nake son ganinki. Ko kwana biyu ne. In kina fushi ki taho da fushinki, ki shiga ɗakinki ki rufe ƙofa, kada ki ce min uffan, in dai zan ji ana jan kujera a ciki ya ishe ni. In hutu bai samu ba sai wata uku, ki faɗa min ranar kawai in san abin da nake jira. In kuma kin ce in

Ana buga ƙofa. Shi ne, ya zo da wuri. Zan rataya masa jakar da hannuna. Bari in tura wannan yanzu, don na san halina, in na dawo na karanta zan